Sikeli Bai Ga Tsuntsu Ba



Yau da wani abu na shigo ɗakin nan a aljihuna. Da rediyo na nuna hoto da na ɗaga muku shi kun gani, amma tunda kunne kawai kuka ara mini, sai dai in kwatanta. Na so in sake shi a kan tebur ku ji ƙararsa, don azurfa tana da wani siririn amo mai daɗewa a kunne, wanda ƙarfen banza ba shi da shi. To amma masu tara irin wannan kaya, in suka ji na buga shi da tebur, sai wani ya suma. Su ko taɓawa ba sa yi sai da safar hannu.

Kwandala ce ta azurfa, dala ɗaya ta ƙasar Niyu Zilan, bugun 1986. A gefe ɗaya akwai kan Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A ɗaya gefen kuwa wani aku ne jibgege, mai fuska kamar ta mujiya, sunansa kakapo. Wani abokina da ya je ƙaro ilimi can ya kawo mini ita tsaraba shekarun baya, cikin 'yar batta mai laushin ciki.

Wata rana na kai ta wajen wani dattijo maƙerin fari a cikin birni, don in ji ta bakinsa. Ya juya ta, ya kanga ta a haske, ya yaba aikin ƙwarai. Ya ce duk wanda ya fitar da gashin tsuntsun nan sili-sili, hannunsa ba ya rawa. Daga nan ya ɗora ta a sikeli, ya yi 'yan lissafe-lissafensa, ya faɗi kuɗinta. Na ce, "Haba Baba, ai ka manta da tsuntsun. Irinsa fa duk duniya ba su kai 300 ba." Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, ni dai sikelina bai ga tsuntsu ba."

Dariya na yi a lokacin. Amma maganar ta zauna mini, kuma ita ce ta kawo sharhinmu na yau.

Bari mu fara da ita sana'ar. Kayan nan iri biyu ne, ko da yake a ido kusan ɗaya suke. Akwai minda, wato lambar tunawa, wadda kowane kamfani ko ƙungiya na iya bugawa: ba ta da adadin kuɗi a jikinta, ba kuma gwamnatin da ta tsaya mata. Akwai kuma kwandalar tunawa, wadda ke ɗauke da sunan ƙasa da adadi, dala ɗaya ko dala 5, doka ta yarda kuɗi ce. Sai dai ba mai hankalin da zai kai ta kanti ya sayi burodi, domin azurfar jikinta kaɗai ta ninka abin da aka rubuta. A Niyu Zilan, hukumar gidan waya ce ke fitar da irin waɗannan a yanzu, da izinin babban bankin ƙasar. Yawancin na zamani nauyinsu oza ɗaya ne na ma'aunin zinariya da azurfa, wato giram 31.1, kuma za ka ga an rubuta 999, ma'ana tsantsa ce. Tsofaffi irin tawa 925 ne: a cikin kashi 1,000, kashi 75 jan ƙarfe ne da aka zuba don ta yi ƙwari. Masu tsadar kuma bugu na musamman ake yi musu. A goge hatimin ƙarfen har ya zama madubi, a buga sau biyu ko fiye, sai filin kwandalar ya fito yana ɗaukar ido, shi kuma tsuntsun ya fito fari-fari kamar an barbaɗa masa garin alli. A rufe ta cikin roba, a haɗa da takardar shaida mai lamba, a ce guda kaza kawai aka buga, daga su ba ƙari.

Ku riƙe mini wannan kalma ta "ba ƙari", za mu dawo kanta.

Me ya sa Niyu Zilan ta dage da wannan harka ta tsuntsaye? Ai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, su kuwa nasu gidan daban ne. Tsibirai ne can ƙuryar tekun Fasifik, waɗanda suka yi shekaru miliyoyi ba wata dabba mai shayarwa a doron ƙasarsu sai jemage. Ba kyanwa, ba ɓera, ba dila. Da tsuntsaye suka ga ba mai korarsu a ƙasa, da yawa suka ajiye tashi, suka yi ƙiba, suka riƙa ƙwai a gindin itace hankali kwance. Sai mutum ya iso. Mutanen Maori suka sauka wajen shekara 700 da suka wuce, da karnuka da ɓeraye a jiragensu na ruwa, kuma ba a jima ba aka cinye wata tsuntsuwa mai suna mowa, wadda wasu irinta suka fi jimina girma nesa ba kusa ba. Turawa suka biyo baya da kyanwoyi da manyan ɓeraye da zomaye. Zomaye suka addabi makiyayan tumaki, sai a shekarun 1880 aka je Ingila aka kwaso wata 'yar dabba mai kama da tunku, ana ce mata sitot, wai ta zo ta cinye zomo. Masana tsuntsaye sun yi gargaɗi, ba a saurare su ba. Ita kuwa da ta zo ta tarar da tsuntsun da ba ya tashi, ba ya gudu, me zai sa ta wahalar da kanta da bin zomo? Garin neman gira aka rasa ido.

Kakapo ya fi kowa shan wannan wuya, domin duk dabarar da Allah ya ba shi ta kare kai daga shaho ce. In ya ji motsi sai ya ƙame, ya saje da ganye, tunda kore ne. Wannan na aiki ga mai farauta da ido daga sama. Ga mai bin sawu da hanci kuwa, an gama, ballantana shi mai ƙamshi ne mai ƙarfi da ake ji daga nesa. Da dare yake yawo, shi ne aku mafi nauyi a duniya, namiji kan kai kilo 4. Lokacin neman mace, sai ya haƙa ɗan rami kamar akushi a kan tudu, ya kumbura ƙirji, ya kwana yana gurnani mai zurfi da ake jiyowa daga nisan kilomitoci. Ga shi kuma ba ya haihuwa kowace shekara. Sai shekarar da wata bishiya mai suna rimu ta yi 'ya'ya sosai, abin da kan ɗauki shekara 2 zuwa 4.

Akwai wani bawan Allah da nake jin tausayinsa duk lokacin da na tuna labarinsa, Richard Henry. Tun 1894 gwamnati ta ɗora shi kula da wani tsibiri mai suna Resolution. Ya yi shekaru yana kama kakapo da wani tsuntsu mai suna kiwi, yana tsallakar da su a ƙaramin kwalekwale cikin sanyi da igiyar ruwa, har ɗaruruwa. A 1900 aka ga sitot a tsibirin. Ashe ta iya iyo. Cikin 'yan shekaru aikin duk ya tashi a banza.

Zuwa shekarun 1970 an ɗauka an yi sallama da kakapo. 'Yan kaɗan da aka samo a duwatsun Fiordland duk maza ne. Sai a 1977 aka gano wasu a tsibirin Stewart, da mata a cikinsu, amma kyanwoyin daji na cin su kamar gyaɗa. Aka kwashe ragowar zuwa ƙananan tsibiran da aka share daga ɓera da kyanwa. A 1995 da aka ƙirga, 51 suka rage a duniya.

To ku dubi kwandalar da ke hannuna. A shekarar da aka buga ta, kakapon da aka sani da rai ba su kai 100 ba, ita kuwa dubbai aka buga. Takardar da ke tare da irinta tana kiranta abu mai wuyar samu, alhali kowane aku ɗaya mai numfashi yana da hotuna na azurfa fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Wannan ƙarancin na "ba ƙari" wani ne ya zauna a ofis ya yanke shi, ya ce a tsaya a nan don farashi ya yi kyau, kuma in ya ga dama baɗi ya sake zane ya buga wata. Na tsuntsun kuwa ba wanda ya yanke shi don riba, kuma ba injin da zai ƙaro. Abin da ke damuna da tallan kayan nan ke nan: suna aron tausayin da kake ji wa tsuntsun su shafa wa ƙarfen, har ka ji kamar in ka saya ka yi ceto.

Ceton kuwa, ga yadda yake a zahiri. Kowane kakapo yana da suna, yana kuma goye da 'yar na'ura a baya da ke nuna inda yake. Lokacin ƙwai, ma'aikata da 'yan sa-kai kan kwana a tanti kusa da sheƙa, cikin ruwa da laka, suna gadi. Ana auna 'yan tsaki, ana ƙara wa iyaye abinci, wanda ya kamu da ciwo a ɗauke shi a jirgin sama zuwa asibitin dabbobi, kamar yadda aka yi a 2019 da wata cutar huhu ta ɓarke a cikinsu. Hukumar kula da gandun daji ta ƙasar ce ke wannan aiki tare da ƙabilar Maori ta Ngai Tahu, da tallafin wani kamfanin lantarki mai suna Meridian. Da haka adadin ya kai 252 a 2022. A 2023 ma aka mayar da wasu 'yan kaɗan babban tsibirin arewa, cikin wani daji da aka kewaye da shingen da ya kai kilomita 47 don kada ko ɓera ya shiga. Tarko, da shinge, da rashin barci. Ba ɗaya daga cikinsu da ke ƙyalli.

Kada ku ce na ƙi kayan nan. Ina son su, shi ya sa har yau ban rabu da tawa ba. Kuma akwai wadda in na samu zan saya ko da bashi, ita ce ta 1984, mai hoton wata 'yar baƙar tsuntsuwa ta tsibiran Chatham, wadda ba ta wuce girman gwara ba. A 1980 guda 5 suka rage a duniya, kuma a cikinsu mace ɗaya ce tak ke ƙwan da ke ƙyanƙyashewa. Sun sa mata suna Old Blue saboda shuɗin zoben da aka ɗaura mata a ƙafa. Ta riga ta tsufa, ta wuce shekarun da irinta kan yi. Wani ma'aikaci mai suna Don Merton da abokan aikinsa suka ɓullo da dabara: duk sanda ta saka ƙwai, sai su ɗauke su kai sheƙar wata tsuntsuwa daban ta kwanta musu, ita kuma ganin sheƙa wayam sai ta sake sakawa. Haka aka yi ta yi. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Tsohuwar ta ɓace a ƙarshen 1983, kwandalar ta fito a shekarar da ta biyo. Yau irinta sun haura 200, kuma duk wanda ka gani jikanta ne. Irin wannan kam ta cancanci a buga ta a azurfa, kamar yadda ake buga kan sarki. Ta fi sarakuna da yawa aiki.

Haka takahe, wadda ta hau kwandalar 1982: shuɗiya mai jan baki, girman ƙatuwar kaza. An yi shekara 50 ana cewa ta ƙare, sai a Nuwamban 1948 wani likita, Geoffrey Orbell, ya hau duwatsun Murchison ya same su suna kiwonsu. Yanzu sun kai wajen 500.

Amma akwai wata tsuntsuwar da ya kamata duk mai tara kayan tarihi ya ji labarinta kafin ya buɗe jaka. Sunanta huya. Baƙa ce mai sheƙi, bakin macen dogo ne lanƙwasasshe, na namijin gajere mai kauri, har Turawan farko suka ɗauka iri biyu ne. Gashin jelarta guda 12 ne, baƙi mai farin baki, kuma a wurin Maori manyan mutane kawai ke soka shi a ka. Suna da akwati na musamman da ake sassaƙawa don ajiyarsa. Turawa masu tara tsuntsaye suka shigo, suka riƙa harbewa suna cusa musu auduga suna aikawa gidajen tarihi da falukan attajiran Turai. Wasu har bakin suke cirewa a ɗaure shi da zinariya a yi abin maƙalawa a riga. A 1901 ɗan sarkin Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki George na Biyar, ya kai ziyara garin Rotorua, aka karrama shi da gashin huya a hula. Hoton ya bazu, kowa ya ce shi ma sai ya samu. Ga saran daji, ga ɓera da sitot, ga kuma wannan. Ganin ƙarshe da aka tabbatar shi ne na Disamban 1907.

Shekara 26 bayan haka, a 1933, ƙasar ta buga kuɗinta na farko, ta ɗora huya a kan sisi, kuma sisin farko rabinsa azurfa ne. Mutane suka yi ta sayen madara da hoton tsuntsuwar da kakanninsu suka ƙarar. A 2015 aka sake fitar da ita a kwandalar azurfa ta masu tarawa. Sannan a watan Mayun 2024, a wani gidan gwanjo a birnin Auckland, aka sayar da gashinta guda ɗaya tilo a kan sama da dalar Niyu Zilan 46,000. Gashi ɗaya fa. Kun ga a nan sikelin kasuwa ya ga tsuntsu, amma sai da tsuntsun ya mutu ya gan shi. Ni a ganina sha'awar da ta kashe huya da sha'awar da ke sayen minda uwarsu ɗaya: son mallakar abin da wani ba shi da shi. Sai dai minda tana da kirki ɗaya da ba za a hana ta ba, ba a zubar da jini kafin a same ta. Da attajiran 1890 sun gamsu da hoto a kan azurfa, wataƙila da yau ana jin kukan huya.

Sai batun masu cewa jari ne. A nan sai mu leƙa Amurka. A 1964 aka kafa wani kamfani mai zaman kansa, Franklin Mint, ya ɗauko Gilroy Roberts, babban mai sassaƙa na gidan buga kuɗin gwamnatin Amurka, wanda ya zana kan Shugaba Kennedy a kan rabin dala. Mutumin gwani ne na gaske, kuma yana son tsuntsaye. Ya yi musu jerin mindodi na azurfa masu hoton tsuntsaye, aka riƙa sayarwa ta gidan waya, kowane wata a aiko maka ɗaya ka biya, har ka cika akwati. Reshensu na Ingila, John Pinches, shi ma ya fitar da na tsuntsayen Birtaniya da sunan Peter Scott, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa asusun kare namun daji na duniya, WWF, a 1961. Ma'aikata da 'yan fansho suka yi ta saya suna ajiye wa jikoki. Da aka zo sayarwa, dillalai suka yi musu abin da dattijon nan ya yi mini: suka ɗora a sikeli. Sa'ar da wasu suka ci ita ce, a 1979 wasu attajirai 'yan'uwa daga Texas, 'ya'yan gidan Hunt, suka yi yunƙurin kame kasuwar azurfa ta duniya. Oza ɗaya da ke wajen dala 6 ta tashi ta kusa dala 50 a Janairun 1980. Mutane suka yi layi a shagunan dillalai da cokula da farantai da akwatunan minda, aka zuba a tukunya aka narkar. Tsuntsayen Roberts da yawa a nan suka ƙare. A ƙarshen Maris farashin ya faɗo ƙasa warwas, wanda ya makara ya koma gida da akwatinsa.

Saboda haka in wani ya zo maka da irin wannan kaya, tambayoyi biyu ne. Nawa ce azurfar jikinta a kasuwar yau, kuma nawa ne ƙarin da ake nema a kai? Wannan ƙarin shi ne kuɗin kwalliya da batta da talla, kuma ranar da ka tashi sayarwa da wuya ya biyo ka. In kuma an ce maka wani kaso na tafiya wajen kula da tsuntsun, ka ce a faɗa maka nawa ne, kuma hannun wa yake shiga. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Ka kuma kula da jabu, don akwai na tagulla da aka yi wa wankan azurfa, suna yawo a intanet da takardar shaidarsu tsaf.

An taɓa yin wani yunƙuri da ya haɗa abin da kyau. Daga 1974, WWF da takwararta IUCN suka shirya da ƙasashe sama da 20, kowace ta fitar da kwandala uku, ɗaya ta zinariya biyu na azurfa, da hoton dabbobinta da ke cikin haɗari, gidan buga kuɗin Birtaniya ya buga, a sayar don tara kuɗin aikin kare su. Sudan na ciki. A 1976 ta fitar da fam biyu da rabi na azurfa mai hoton wani dogon tsuntsu na fadamun Nilu, wanda Larabawa ke kira abu markub saboda bakinsa kamar takalmi. 'Yan'uwanmu na Sudan wataƙila wani ya taɓa cin karo da ita. Tsibirin Morishus, ƙasar tsuntsun nan dodo da ya ƙare tun ƙarni na 17, wanda duk da sunansa ba ya cin kowa, shi aka cinye, ya buga wani ɗan shahonsa a 1975, jim kaɗan bayan an ƙirga guda 4 kawai a daji. Yau ɗaruruwa ne, har an naɗa shi tsuntsun ƙasa a 2022, bayan wani Bature ɗan Wales, Carl Jones, ya ba da shekarunsa yana renon 'yan tsakinsa. Tailan kuwa ta ɗora wata 'yar tsattsewa mai farin ido a kan ta zinariya a 1974. A 1968 aka fara gano ta a wani tafki, aka sa mata sunan gimbiyar ƙasar, farin jininta ya sa masu tarko suka taso ta a gaba. Tun wajen 1980 ba a sake tabbatar da ganinta ba. Tsari ɗaya, gidan bugu ɗaya, shahon ya samu mai kwana a gindinsa, tsattsewar ba ta samu ba.

Wani abin da zai ba ku mamaki: a kasuwar masu tarawa akwai kwandalolin azurfa masu sunan Cadi da Kamaru da Nijar, an rubuta musu adadin sefa, wasu kuma da sunan Gana. Kamfanonin Turai da Amurka ne ke sayen izinin amfani da sunan ƙasa, su buga abin da suke so su sayar wa mutanensu. Ka je Marwa ko Damagaram ka nuna wa ɗan kasuwa, zai ce bai taɓa ganin wannan kuɗi ba, kuma gaskiyarsa.

Mu ma dai ba baƙin tsuntsu a kan azurfa ba ne. Kakanninmu fatake sun san liyari, wato dalar Sarauniya Maria Theresa ta ƙasar Ostiriya, wadda ta riƙa shigowa ta hanyar Tarabulus da ta gabas. Matar ta rasu a 1780, kuma duk wadda aka buga bayan nan, ko yaushe ne, 1780 ake rubuta mata. Nauyinta wajen giram 28. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. A bayanta akwai mikiya mai kai biyu, tsuntsun da ba a taɓa halitta ba. Ba wanda ya damu da mikiyar. Abin da aka yarda da shi nauyi ne da tsarkin ƙarfe, shi ya sa maƙeran Agadas da na Kano suka narkar da su ba adadi, suka yi mundaye da zobba da kayan doki. Dattijon nan nawa, ashe, karatun gidansu ya biya mini.

Tsuntsun da ya kamata mu damu da shi kuwa yana nan da kai ɗaya, da tukkunsa na zinariya: gauraka. Ana kiransa tsuntsun ƙasar Najeriya. Dattawan Hadeja da Nguru da bakin tafkin Cadi suna tuna lokacin da suke sauka garke-garke a fadama. Yau sai mutum ya yi yawon fadamar ya gaji bai ga ko ɗaya ba. Fadamar ta ragu tun da aka datse ruwa a sama, wannan gaskiya ne. Amma akwai kuma masu kama shi su sayar wa masu hali, a ajiye a tsakar gida yana taku don baƙi su gani. Duk wanda ya ji labarin huya ya san wannan hanya. Da wani zai buga gauraka a kan azurfa, kuma ya nuna mini a rubuce cewa ribar tana zuwa wajen masu gadin tsuntsaye na Dagona da ke wannan fadama, ni ne na farko a layi.

Ranar da zan bar rumfar dattijon nan, ya mayar mini da kwandalar cikin battarta, ya goge yatsunsa a riga, ya ce, "In ka gaji da kallon akun, ka kawo shi. Zai yi zobe biyu masu kyau, har da ɗan saura." Shekara nawa ke nan, ban kai ba tukuna.